Shirin hutun bazara na karatun halittun teku a Amurka: wanne ya dace da ɗanku?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, ta kawo mini zancen 'yarta mai shekara 16. Yarinyar ta kafe a kan halittun teku take son karantawa a jami'a, makaranta kuma ta ba ta jerin shirye-shiryen hutun bazara, kowanne da hoton yara suna dariya a bakin ruwa. Uwar ta rasa wanda za ta zaɓa, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Na san ba ita kaɗai ba ce a wannan hali, daga 'yan zangon Gana da ke Bronx har 'yan Nijar da ke Greensboro. Shi ya sa na zauna na jera biyar daga cikin shirye-shiryen, na auna su da mudu ɗaya.

Yaro yakan kamu da son wannan fanni ne daga bidiyon dolfin da murjani. Aikin da masanan ke yi kullum kuwa ƙirga ne da awo da rubutu, a cikin taɓo, cikin sanyi, wani lokaci tun kafin gari ya waye. A wurina, shirin da ya cancanci kuɗinku shi ne wanda zai ɗanɗana wa yaro wannan wahala a mako biyu ko huɗu, kafin a zuba kuɗin shekara huɗu a jami'a. In ya dawo ya ce ya fasa, kuɗin bai faɗi ba.

Abin da za a duba

Na farko kuɗi. Ba farashin da ke kan takarda kaɗai ba: a haɗa da tikitin jirgi, inshorar lafiya, takalmin ruwa, da kafin alƙalamin da sau da yawa ba a mayarwa in an fasa.

Na biyu, me zai rage a hannun yaro bayan an watse? Akwai kiredit na jami'a, wato darasin da za a ƙirga masa cikin karatun digiri, akwai na sakandare, akwai takardar ƙwarewa a nutso, akwai kuma wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikinsa da idonsa. Ba darajarsu ɗaya ba. Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa biyan shiri mai tsada yana buɗe ƙofar babbar jami'a. Masu tantance ɗalibai sun san wanda aka saya da wanda aka ci da gumi. Abin da ke tasiri shi ne yaro ya iya bayyana abin da ya yi, da abin da ya gano.

Na uku sauƙin shiga: shekaru, takardu, lokacin rufe karɓar buƙata, da nisan wurin. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da ruwa, yanayi da lafiyar jiki. Zan ƙara na biyar da takardun talla ba sa kawowa, wato abinci, sallah da makwancin 'ya mace.

Shoals Marine Laboratory

Wannan yana kan tsibirin Appledore a Jihar Maine, kimanin kilomita 10 daga gaɓa. Jami'ar Cornell da Jami'ar New Hampshire ke tafiyar da shi tare, kuma asalinsa tun 1966 ne. Daga garin Portsmouth ake ɗaukar ɗalibai a jirgin ruwa. Kwas ɗin 'yan sakandare mako biyu ne, yana ba da kiredit uku na Cornell.

A nan ne yaro zai fi kusantar ainihin aikin. Teku a wannan yanki yana cikowa ya janye sau biyu a yini, tazarar kuma takan kusa mita uku, lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Don haka janyewar ruwa ce ke tsara darasi, ba agogon malami ba. In ruwa ya janye da sassafe, da sassafen za a fita. Ana shimfiɗa igiya mai awo daga saman dutse zuwa bakin ruwa, a riƙa ajiye wani firam mai kusurwa huɗu a tazara daidai, a tsuguna a ƙirga duk abin da ke ciki: dodon koɗi nawa, ƙaguwa nawa, ciyawar teku ta rufe kashi nawa. Gobe a sake. Daga wannan ƙirga mai gajiyarwa ake gane abubuwa manya, kamar yadda koriyar ƙaguwar Turai, wadda ta shigo gaɓar Amurka tun ƙarni na 19, da wata ƙaguwar Asiya da aka fara gani a New Jersey a 1988, suke ture halittun asali. Tekun Maine kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin ɗumama a duniya, saboda haka lissafin bana yana da amfani in an jera shi da na shekarun baya.

Kuɗinsa ya haura dala 4,000, da kwana da abinci a ciki, kuma suna da tallafi ga wanda ya nema da wuri. Zaman tsibirin ba na jin daɗi ba ne. Ruwan sha ƙalilan ne, ana taƙaita wanka. Ruwan teku yana da sanyi ko a watan Yuli. Manyan tsuntsayen teku suna ƙyanƙyasa a tsibirin a farkon bazara, sukan kawo farmaki a kan duk wanda ya kusanci sheƙarsu, har mutane kan ɗaga sanda sama da kai in za su wuce. Asibiti yana can ƙetaren ruwa.

Akwai wani haɗari da iyaye ba sa hangowa. Kiredit na jami'a yana zuwa ne da maki, makin kuma yana zama a takardar sakamako har abada. In yaro ya juya ya nemi makarantar likitanci a Amurka bayan shekara biyar, za a nemi sakamakon duk wani kwas na jami'a da ya taɓa yi, har wanda ya yi yana sakandare. Kwas ɗin zango guda ne aka matse cikin kwana 14. Yaron da bai ƙware a ilimin halittu na aji ba, ko wanda rubutun rahoto da Turanci ke ba shi wuya, gara ya jira shekara mai zuwa.

Sea Education Association

Ana taƙaita sunanta da SEA, an kafa ta a 1971, cibiyarsu kuma tana Woods Hole a Jihar Massachusetts. Ƙauye ne ƙarami amma cike da masana: Marine Biological Laboratory yana nan tun 1888, Woods Hole Oceanographic Institution tun 1930, masu gudanar da ƙaramin jirgin nutso Alvin da ya kai mutane ga ɓaraguzan Titanic a 1986. Suna da shiri iri biyu ga 'yan sakandare. Ɗaya a tudu, wajen mako uku, ana karatu ana fita gaɓa. Ɗayan a cikin jirgi mai tafiya da iska, irin Corwith Cramer mai tsawon kusan mita 41.

A jirgin ba fasinja. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni su riƙa karɓar aiki dare da rana: jan igiya, riƙe sitiyari, wanke-wanke, da jefa raga mai ƙananan idanu a saman ruwa don kamo ƙananan halittun da ke shawagi. Abin da ragar ta kamo ana tsince shi da hantsaki a ƙirga. Wannan aikin ɗalibai ba wasan yara ba ne: a 2010 mujallar Science ta buga binciken Kara Lavender Law da abokan aikinta kan tarin gutsattsarin roba a arewacin Tekun Atilantika, daga jan raga fiye da 6,000 da ɗaliban wannan cibiya suka yi cikin shekara 22.

Sai dai a lura, wannan ya fi karkata ga ilimin teku gaba ɗaya, wato igiyar ruwa, gishiri, zafi, yanayi da tuƙi, fiye da nazarin dabba ɗaya-ɗaya. Yaron da kifi yake so ya riƙe a hannu zai iya jin an rage masa. Kuɗin ya haura dala 4,000 shi ma. Jiri da amai a kwanakin farko kusan dole ne, barci gutsi-gutsi ne, waya ba ta aiki. Makwanci 'yan gadaje ne a jikin bangon jirgi, kowanne da labule. Alƙibla tana sauyawa duk sa'ad da jirgi ya juya, ruwan alwala kuma a auna yake. Ga 'ya mace, wannan ne shirin da ya fi bukatar uwa ta ɗaga waya ta yi tambaya dalla-dalla kafin ta biya ko sisi. A shirin tudu kuma a kiyayi kaska, domin yankin Cape Cod ya yi suna da cutar Lyme da cizonta ke kawowa.

Dauphin Island Sea Lab

Cibiyar binciken teku ce ta Jihar Alabama, an kafa ta a 1971, a wani tsibiri da ke bakin Mobile Bay. Da mota ake shiga ta kan gada. Kwas ɗin 'yan sakandare wajen mako huɗu ne, a kwana a can, da lacca, da ɗakin gwaji, da jarrabawa, da ɗan binciken da kowane ɗalibi zai yi da kansa. In an raba kuɗin da yawan makonni, shi ne mafi araha a cikin masu karɓar kuɗi. Abin da yake bayarwa kiredit ne na sakandare, don haka a fara zama da mai ba da shawara na makarantar yaro a ji ko za su karɓa, musamman in ba a Alabama kuke ba.

Ruwan nan ba mai kyan hoto ba ne. Mahaɗar kogi da teku ce, ruwa gauraye, fadama mai gishiri, taɓo har gwiwa. Amma a irin wannan wuri ne jatan lande da ƙaguwa da kifaye da yawa ke yin ƙuruciyarsu, kuma in an ja taru daga jirgin cibiyar aka zazzage a kan tebur, yaro zai ga ire-iren halittu da yawa a lokaci guda. Yankin ne malalar man Deepwater Horizon ta shafa a 2010. A gaɓar gabas ta Mobile Bay kuma akan samu wani abin mamaki a daren bazara, inda iskar numfashi ke ƙaranci a ƙasan ruwa, kifi da ƙaguwa su tururo bakin gaɓa mutane su yi ta kwasa. Ɗan da ya taso yana jin labarin su a Argungu zai gane wannan murna.

Zafi da gumi da sauro suna nan da yawa. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atilantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, tsibirin kuma ƙasa-ƙasa yake, don haka a tambayi tsarin kwashe yara da batun mayar da kuɗi in an katse. Yaro mai buɗaɗɗen rauni kada ya shiga ruwan ɗumi mai gishiri, akwai ƙwayar cuta da ke shiga ta nan.

Seacamp

Yana Big Pine Key a tsibiran kudancin Filorida, tun 1966. Sansanin hutu ne da aka haɗa da kimiyya, yana karɓar yara tun ƙanana har zuwa shekara 17, zangonsa mafi tsawo bai kai mako uku ba. Nan ne ruwa garai-garai, da murjanin Looe Key, da iyo da bututun numfashi, da koyon nutso da tukunyar iska. Takardar nutso ba ta ƙarewa, kuma ita ce babban abin da yaro zai dawo da shi. Dogon zango ya haura dala 4,000, nutso kuma da ƙarin kuɗinsa. Karatun bai kai na Shoals nauyi ba. Guguwar Irma ta ratsa yankin a Satumban 2017, zafin ruwa na 2023 kuma ya kashe murjani mai yawa, saboda haka abin da yaro zai gani bai kai na tsofaffin hotuna ba.

Hutton Junior Fisheries Biology Program

Wannan daban yake, domin shi ake biyan yaro. Ƙungiyar American Fisheries Society ke gudanar da shi: mako takwas, da alawus wajen dala 3,000. Ana haɗa ɗalibi da wani ƙwararre a kusa da gidansu, ya riƙa bin sa aiki. An kafa shi ne don jawo irin yaran da ba a cika gani a wannan fanni ba. Ana rufe karɓar buƙata tun cikin hunturu, wajen Janairu, ana neman rubutun yaro, sakamakonsa da shaidar malami, masu nema kuma sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba.

Ba a yi alkawarin teku ba. Ana iya tura yaro wurin ƙyanƙyasar kifi, ko kogi, ko tafki, gwargwadon inda kuke zaune. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, don awo da ƙirga da rubutu duk ɗaya ne. Wata biyu tare da mutum ɗaya kuma yana haifar da wasiƙar shaidar da mako biyu ba zai haifar ba. Yaro yana kwana a gida, ya ci tuwon gida, ya je Juma'a in an daidaita da mai kula da shi. Wahalarsa ita ce kai shi da ɗauko shi kullum.

| Shiri | Tsawo | Kuɗi | Abin da zai rage | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shoals | mako 2 | sama da dala 4,000 | kiredit 3 na Cornell | maki mara kyau, sanyi, nisan asibiti |
| SEA | mako 2 zuwa 3 | sama da dala 4,000 | ƙwarewar aikin jirgi da tattara bayanai | jiri, ƙarancin barci, matsin wuri |
| Dauphin Island | wajen mako 4 | mafi araha a kowane mako | kiredit na sakandare, ɗan bincike | zafi, guguwa |
| Seacamp | ƙasa da mako 3 | dogon zango sama da dala 4,000 | takardar nutso | nutso, guguwa |
| Hutton | mako 8 | ana biyan yaro | wasiƙa mai ƙarfi, gogewa | wuyar samu, zirga-zirga |

Iyo, sikila da abinci

Yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, har waɗanda aka haifa a can. Shirin da ake shiga ruwa yakan gwada yara a ranakun farko, kuma yaron da ya gaza zai wuni yana kallon 'yan'uwansa daga jirgi, a bakin dubban daloli. In Seacamp kuke nufi, a sa shi koyon iyo tun hunturu a wurin ninƙaya na unguwa. Shoals da Hutton sun fi sauƙi ta nan, domin yawancin aikin a kan dutse ne ko cikin ruwa mara zurfi. 'Yan mata suna iya sa rigar iyo mai rufe jiki duka, kayan nutso ma dama a rufe suke.

Batun sikila ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma takardun talla ba don mu aka rubuta su ba. Mai sikila ba ya nutso da tukunyar iska, likitocin nutso sun hana. Ruwan sanyi irin na Maine da ƙishirwar zafin Alabama duk suna iya tayar da ciwon, tsibiri ko tsakiyar teku kuma ba wurin jiran motar asibiti ba ne. Mai AS ma a kai shi ga likita a faɗi ainihin abin da zai yi. Haka mai asma. Kada a ɓoye komai a takardar lafiya don tsoron kar a ƙi ɗaukarsa. Wanda ya yi nutso kuma ba ya hawa jirgin sama nan take, akan bar tazarar sa'a 18 zuwa 24, a tuna da haka wajen yankar tikitin dawowa.

Abinci kuwa, kada ku sa ran naman halal. Ku rubuta musu tun farko cewa ba ya cin alade, ku zaɓa masa kifi da ganye. A Maine cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, alfijir kuma yana ketowa tun wajen uku na dare, don haka a buga masa jadawalin sallah a takarda, kada a dogara da waya.

In daga gida za a taso

Nan lissafin ya canza. Yawancin shirye-shiryen suna faɗawa tsakanin Yuni da farkon Agusta, lokacin da ake NECO ko ake ƙarasa zango na uku. Kwas mai kiredit na jami'a ba a yin sa da bizar yawon buɗe ido. A 2025 kuma Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, ta rage bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya ta wata uku, daga baya ta ƙara tsaurarawa ga Nijar da Najeriya. Hutton na mazauna can ne. Ban ga hikimar biyan kafin alƙalamin da ba a mayarwa ba alhali biza ba ta hannu. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Victoria Island a Legas, da ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, da sashen kimiyyar teku a Jami'ar Legas, da cibiyar ilimin teku a Jami'ar Kalaba. Malamin makaranta zai iya rubuta musu ya nemi izinin ziyara. Igiya mai awo da firam da littafin rubutu kuma suna aiki a bakin madatsar Tiga ko dausayin Haɗeja da Nguru kamar yadda suke yi a Appledore.

Wa ya dace da wanne

Ɗan aji 11, wato ajin da ke kafin na ƙarshe a sakandaren Amurka, mai ƙarfi a kimiyya, lafiyayye, wanda ya riga ya yanke shawara, Shoals. In aljihu bai kai ba amma ana son karatu na gaske mai tsawo, Dauphin Island, kuma shi zan fara nuna wa yawancin iyalai. Yaron da tekun kansa ne ke jan sa, jirgi da taurari da igiyar ruwa, wanda kuma zai jure rashin barci, SEA. Ɗan shekara 13 ko 14 da ya iya iyo, ba shi da sikila ko asma, kuma ana son a ga ko sha'awar za ta ɗore, Seacamp.

Wanda ba za a iya biya masa ba, ko mai lalurar da ke bukatar kusanci da asibiti, ko 'yar da iyayenta ba su shirya barinta ta kwana a waje ba, Hutton. Ita 'yar'uwar tawa ta Bronx na ce 'yarta ta cike Hutton tun Disamba, ta nemi tallafin Shoals a lokaci guda, ta kuma fara zuwa koyon iyo kowace Asabar kafin amsa ta fito.